Daga Sakkwato zuwa Albuquerque: kakar 1983 da Hakeem Olajuwon ya rasa kofi da maki biyu

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san yaron da nake nufi. Shi ne na bencin baya, wanda aka kai can don kada ya tare wa ƴan uwansa allo. Wandon lakwal ba ya kai masa idon sawu, ƴan aji na kiransa raƙumi, shi kuma yana tafiya a duƙe kamar mai neman gafarar tsawon da Allah ya ba shi. A Agadas ba ma rasa irinsa a kowane aji. Abin da ba mu cika tambayar kanmu ba shi ne, me makaranta ta tanadar wa jikin wannan yaro? Tambayar ce ta sa na ga ya dace mu waiwayi wata kakar wasan ƙwallon kwando da aka yi a Amurka fiye da shekara arba'in da suka wuce, domin tushen labarin yana nan kusa da mu. Wanda ya bar Agadas ya bi ta Abalak da Tawa ya sauka Ƙonni, abin da ya rage masa zuwa Sakkwato bai kai kilomita ɗari ba, kuma a Sakkwato labarin ya soma.

A 1978 aka yi gasar wasannin kwalejojin horon malamai na Najeriya a Sakkwato. Cikin ɗaliban da suka zo daga Legas akwai wani ɗan shekara goma sha biyar, Hakeem Olajuwon, ɗalibin kwalejin horon malamai ta Musulmi. An haife shi ranar 21 ga Janairun 1963, iyayensa Yarbawa ne masu sana'ar sayar da siminti. Ƙwallon hannu ya sani, sai tsaron gida a tamaula. Wani ɗalibi ɗan uwansa ne ya roƙi malamin wasanni da a bar dogon yaron nan ya shiga cikin ƴan ƙwallon kwando. Malam ya yarda. Cikin shekara biyu yaron ya kai ga bugawa ƙasarsa a gasar matasan Afirka, inda wani koci Ba'amurke mai suna Christopher Pond ya gan shi, ya ba shi shawarar ya je ya gwada sa'arsa a jami'o'in Amurka.

A Oktoban 1980 ya sauka birnin Houston na jihar Texas. Ba wanda ya je tarbarsa a filin jirgi. Da ya buga waya, sai aka ce ya hau tasi ya iso jami'a, domin an sha yi wa masu horarwa alkawarin ƙato daga Afirka, sai a ga wanda bai kai labarinsa ba. Kocin jami'ar, Guy Lewis, dattijo ne da ya riƙe ƙungiyar tun 1956. Yana cikin na farkon da suka buɗe wa baƙar fata ƙofa a manyan jami'o'in kudancin Amurka, lokacin da ya ɗauki Elvin Hayes da Don Chaney a 1964. Da ya ga baƙon nasa, mai tsawon fiye da mita biyu amma siriri, bai san dokokin wasan sosai ba, bai yi gaggawa ba. Kakar farko Hakeem bai buga ko wasa ɗaya ba. A ta biyu, 1981 zuwa 1982, daga benci yake shigowa, yana saurin gajiya, yana yawan laifi. A wancan zamanin ma Akeem ake rubuta sunansa, sai a 1991 ya sa aka gyara.

Abin da ya sauya shi ya faru ne a lokacin hutu. Ya tambayi masu horarwa yadda zai samu ƙarin lokaci a fili, suka tura shi wani zauren wasa na unguwa mai suna Fonde, inda Moses Malone, gwarzon gasar ƙwararru ta NBA a 1979 da 1982, yake atisaye. Hutun 1982 gaba ɗaya yaron ya yi shi yana shan gwiwar hannu da ture a wurin wanda ya fi shi ƙarfi da sani nesa ba kusa ba. Da aka koma makaranta, sa'o'insa suka zame masa kamar ƙanne.

Kafin mu shiga kakar, ga ɗan bayani ga wanda bai saba da wasan ba. Mutum biyar-biyar ake bugawa. Kwandon yana rataye a tsawon mita 3.05. A gasar ƙasa ta 1983, jefawa ciki maki biyu ne. Idan aka yi wa ɗan wasa ƙeta, a wasu halaye ana ba shi jifan kyauta: ya tsaya a kan layi kimanin mita huɗu da rabi daga allon kwando, ba mai tare shi, kowace jifa maki ɗaya. Akwai kuma dank, wato mutum ya daka tsalle ya danna ƙwallo cikin kwando daga sama da hannunsa. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta haramta dank daga 1967 zuwa 1976. Da aka ɗage haramcin, Guy Lewis ya mai da shi makaminsa, bisa hujja mai sauƙi: ƙwallon da aka danna da hannu ba ta cika kuskurewa ba.

A kakar 1982 zuwa 1983 ya samu yaran da za su aiwatar da wannan ra'ayi. Akwai Clyde Drexler da Michael Young da Larry Micheaux, dukansu ƴan garin Houston, akwai Benny Anders, akwai sabon shiga Alvin Franklin, sannan ga Hakeem a tsakiya. Tsarinsu shi ne Hakeem ya doke jifan abokan hamayya ko ya cafe wadda ta dawo, ya miƙa, sauran su sheƙa a guje su danna kafin a farga. A watan Janairun 1983 wani ɗan jaridar Houston Post, Thomas Bonk, ya laƙaba musu suna Phi Slama Jama, yana kwaikwayon irin sunayen da ƙungiyoyin ɗalibai na can ke ɗauka daga baƙaƙen Girkanci. Sunan ya bi su har yau.

Sun yi tuntuɓe sau biyu a Disambar 1982, a hannun Syracuse, sai kuma Virginia a wasan da aka je har Tokyo aka buga. Daga nan ba su sake faɗuwa ba har wasa 26 a jere. A rukuninsu na Southwest sun buga 16 sun ci 16. Suka shiga gasar ƙasa a matsayin na ɗaya a Amurka. Gasar ta shekarar ta ƙunshi jami'o'i 52, kuma faɗuwa ɗaya ce, wanda aka kayar ya tattara ya koma gida, kamar dai yadda muka sani a kokowar takobi. Houston ta kawar da Maryland da Memphis State da Villanova, ta kai ga zagayen huɗun ƙarshe.

An yi wannan zagaye a Albuquerque ta jihar New Mexico, gari ne na hamada wanda ya shahara da ginin ƙasa, ɗan Agadas ba zai ji baƙunta sosai a cikinsa ba. Sai dai garin yana bisa tudu, kimanin mita 1,600 sama da teku, alhali Houston tana dab da bakin teku. Ku ƙaddara an ɗauko yaran Kwatano an ce su yi gudun minti arba'in a saman dutsen Bagzam. Iska ba ta isar huhu, ƙafa na yin nauyi da wuri.

Ranar 2 ga Afrilu suka haɗu da Louisville, ta biyu a ƙasar, ita ma gwanar tsalle. Louisville tana gaba da 57 da 49 a zubi na biyu, sai Houston ta ɓarke ta ci maki 21 yayin da abokan karawarta suka samu 1 tak. Aka tashi 94 da 81. Hakeem ya ci maki 21, ya cafe ƙwallo 22. Mutane da yawa suka ɗauka wannan shi ne wasan ƙarshe na gaskiya, na ranar Litinin cika sharaɗi ne kawai.

Waɗanda suka rage musu su ne jami'ar North Carolina State, ƙarƙashin koci Jim Valvano. Sau goma aka ci su a kakar. Babban mai jefa musu ƙwallo, Dereck Whittenburg, ya karye a ƙafa a watan Janairu, ya yi makonni yana jinya. Da ƙyar suka samu shiga gasar, bayan sun lashe kofin rukuninsu inda suka kayar da North Carolina ta Michael Jordan da Virginia ta Ralph Sampson. A cikin gasar ma da jan ciki suka yi ta wucewa: Pepperdine sai da aka yi ƙarin lokaci sau biyu, UNLV da maki ɗaya, Virginia da maki ɗaya. Amma wannan wahalar ta koya musu abin da Houston ba ta samu damar koya ba, wato yadda ake riƙe hankali idan wasa ya rage minti ɗaya kuma ba a san maci tuwo ba.

Valvano ya kuma karanci lagon Houston. A duk tsawon kakar, cikin jifan kyauta goma kimanin shida kawai suke ci. Ba wanda ya damu, tunda da ratar maki mai yawa suke cin wasanninsu. Ramin yana nan, nasara ce ta rufe shi da tabarma.

Daren 4 ga Afrilun 1983, North Carolina State ta hana wasan yin sauri, ta cunkushe ƙarƙashin kwando. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Drexler ya yi laifi huɗu, saura ɗaya a fitar da shi, kuma Houston tana baya da 33 da 25. Da aka dawo suka farfaɗo, suka ci 17 aka ci su 2, suka wuce gaba da 42 da 35. A nan ne tudun ya nemi hakkinsa. Hakeem ya koma benci yana shaƙar iska ta na'ura. Guy Lewis ya umarci yaransa su rage gudu, su baje a fili suna miƙa wa juna ƙwallo don lokaci ya tafi. A wancan lokacin babu agogon da ke tilasta a jefa ƙwallo cikin ƙayyadaddun daƙiƙoƙi a gasar, don haka dabarar halal ce. Illarta ita ce ta raba ƙungiyar da abin da ta fi iyawa, ta kai ta inda ta fi rauni. Valvano ya sa yaransa su riƙa yin ƙeta da gangan, su tura ƴan Houston layin jifan kyauta. Whittenburg da Sidney Lowe kuma suka yi ta jefawa daga nesa tana shiga.

Saura minti ɗaya da ƴan daƙiƙoƙi, maki 52 da 52, aka yi wa Alvin Franklin ƙeta, ɗan ajin farko. Dokar ita ce idan ya ci ta farko a ba shi ta biyu, idan ya ɓarar shi ke nan. Ya ɓarar. North Carolina State ta riƙe ƙwallo tana jiran daƙiƙar ƙarshe. Saura ƙiris Benny Anders ya ƙwace ta, yatsunsa sun taɓa ta, amma Whittenburg ya tsince ta ya wurga daga kusan mita tara. Jifar ba ta kai ba. Hakeem ya ɗan matsa daga ƙarƙashin kwando, sai Lorenzo Charles, wanda ke tsaye a wurin, ya cafe ta a sama ya danna. 54 da 52. Ƙungiyar da ta yi suna da dank, dank ɗaya ta yi a daren, kuma da dank aka kayar da ita. A jifan kyauta 19 da ta samu, 10 ta ci.

Hakeem ya ci maki 20 ya cafe ƙwallo 18 a wasan. Aka ba shi kyautar gwarzon gasar duk da ƙungiyarsa ta faɗi, kuma tun daga shi ba a sake bai wa wanda aka kayar ba. Kakar ta ƙare da nasara 31, faɗuwa 3.

Bayan wannan kakar Drexler ya tafi NBA. Hakeem ya sake kai Houston wasan ƙarshe a 1984, Georgetown ta Patrick Ewing ta ci su 84 da 75. A wannan shekara aka zaɓe shi na ɗaya cikin sababbin shiga NBA, Michael Jordan na uku. Sai da ya jira shekara goma kafin ya ɗaga kofi da Houston Rockets a 1994, inda ya kayar da New York ta Ewing ɗin nan. A 1995 ya maimaita, tare da Drexler da ya dawo gida. A watan Fabrairun 1995, wanda ya zo daidai da Ramadan, yana azumi yana wasa, aka zaɓe shi gwarzon wata. Ya yi ritaya da tarihin doke jifa 3,830, kuma a rayuwarsa ta ƙwararre yana cin sama da bakwai cikin goma na jifan kyauta, abin da ya gagare shi a jami'a. Guy Lewis ya bar aiki a 1986 bai taɓa cin kofin ba, ya rasu a 2015. Valvano ya rasu da ciwon daji a 1993. Jami'ar Houston ta sake kaiwa wasan ƙarshe a Afrilun 2025, Florida ta ci ta 65 da 63, maki biyu kuma.

To, me ya shafe mu?

Malamai ƴan uwana, mu dubi inda aka gano yaron nan. Gasar makarantu ce. Wani ya nemi kuɗin mota, wani ya rubuta sunayen ɗalibai, wani malami ya raka su tafiyar kusan kilomita dubu daga Legas, kuma da aka zo masa da roƙo bai ce tsari ya hana ba. Shi kansa wasan malami ne ya ƙirƙiro shi. A Disambar 1891, a garin Springfield na Amurka, aka ba James Naismith ajin samari da sanyi ya kulle a ɗaki suka addabi kowa, ya rataya kwanduna biyu na ƴaƴan itace, ya rubuta dokoki goma sha uku. Matsalar ladabtar da aji ce ta haifi ƙwallon kwando. Mu kuwa, sa'ar motsa jiki ita ce ta farko da muke yankawa idan manhaja ta yi mana yawa, sai jarrabawar birbe ta matso a fito da yara su yi gudu kwana biyu don neman maki. Filin ƙwallon kwando bai wuce mita 28 a tsawo da 15 a faɗi ba. Ba ya son ciyawa, ba ya son ban ruwa. A gari irin namu, inda ruwa ke da tsada kuma ƙasa ke da tauri, da wuya a samu wasan da ya fi shi dacewa da farfajiyar makaranta.

Akwai kuma batun jifan kyauta, wanda duk malami zai gane. Shi ne aikin da ba ya tara ƴan kallo: ka tsaya kai kaɗai ka maimaita sau ɗari. Daidai yake da haddar jadawalin lissafi da gyaran rubutu. Ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa yakan haye aji bayan aji ba tare da su ba, mu ma mu kau da kai saboda makinsa na da kyau, har ranar babbar jarrabawa ta zo ta tsayar da shi a kan layi. Alvin Franklin ne ya ɓarar da jifar, amma raunin na ƙungiyar ne gaba ɗaya, kuma watanni biyar yana bayyane ga duk mai duba alƙaluma. Yabon yaro kan abin da ya iya ba shi da wuya. Aikin malami yana wurin zaunar da shi kan abin da yake gudu.

Iyaye kuma, tsoronku yana da tushe, ba zan raina shi ba. NBA kimanin mutum 60 take zaɓa a shekara daga duniya baki ɗaya, kuma ko cikin ƴan wasan jami'o'in Amurka kusan ɗaya cikin ɗari ne ke samun shiga. Duk wanda ya ce wa ɗanku ya bar karatu don ƙwallo za ta kai shi Amurka, ya cuce shi. Amma ku lura da hanyar da Hakeem ya bi: kwaleji ce ta kai shi Sakkwato, jami'a ce ta karɓe shi a Houston, kuma ba don yana ɗalibi ba da ba a bar shi ya taka filin ba. Ga kuma misalin Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya fara wasan yana ɗan shekara goma sha uku, ya samu tarbiyya a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri bai taɓa buga NBA ba. Wasan ya kai shi karatu Amurka, ya zama mai farauto ƴan wasa, daga bisani ya shugabanci Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. Tun 2003 gidauniyarsa ta Giants of Africa take shirya wa matasan Afirka sansanonin horo.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya game da abin da ke gogayya da aji a Agadas. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, da Cibarkaten bayanta, yaro mai ƙarfi a jika ya san akwai inda ake sayen ƙarfinsa, ga kuma hanyar Libiya a buɗe. Idan makaranta ba ta da abin da za ta ce wa wannan jiki sai zauna ka yi shiru, motar da ke lodi a tasha tana da abin cewa. Yaron da ke da wasa ranar Asabar, wanda ya san ba za a sa shi ba sai ya halarci aji kuma makinsa ya kai, ya samu dalilin zuwa ranar Litinin. Wannan sharaɗi shi ne amfanin wasan makaranta, kuma malami da uba ne kaɗai za su iya tsare shi tare. A 2014 ɗin nan aka kafa Jami'ar Agadas. Yaranmu suna da inda za su dosa a cikin garinsu, in mun riƙe su har su kai.

Ba na ce akwai Hakeem a bencin bayan ajinku ba. Irinsa ɗaya ne a ƙarni. Amma akwai yaron da shekara biyu na atisaye da yamma za su miƙar masa da kafaɗa, su koya masa zuwa kan lokaci, su nuna masa yadda ake faɗuwa da maki biyu a gaban jama'a a kuma dawo fili washegari. Kafin hutun bana, ƙungiyar iyayen yara da shugaban makaranta za su iya zama su yi lissafin ƙarfe biyu, allo biyu, ƙwallo ɗaya da ladan mai walda. Sannan a sa wa malami ɗaya alhakin yammacin Laraba, a kuma aika wa makarantar da ke maƙwabtaka takardar gayyata.

Allah ya raya mana su, ya ba mu ikon sauke nauyinsu.